Miladiyya, Hijira ko CE: wace alama za a sa bayan lambar shekara a rubutun Hausa?

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, akwai wata ƴar tambaya da ke jiran duk wanda zai juya takarda zuwa Hausa, ko malamin lakwal ne, ko mai shirin tarihi a rediyo, ko ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke haɗa kundinsa. Idan ka rubuta lambar shekara, me za ka sa a bayanta? Littafin Faransanci ya ce "av. J.-C.", wanda ya shigo daga Kano ya ce BC da AD, sabon bugun Turai ya ce BCE da CE, malamin zaure kuwa da Hijira yake lissafinsa. Damagaram gari ne na Musulmi mafi rinjaye, amma akwai Kirista a cikinsa, kuma littafin lakwal da takardar hukuma na kowa ne. Tsarin mulkin 2010 ma, wanda aka dakatar a 2023, ya raba hukuma da addini a rubuce.

Bari in faɗi inda na tsaya tun da wuri. Babu kalandar da ba ta da dangi, kowace an ɗaura mafarinta a kan wani abu da wasu mutane suka girmama. Abin da mai rubutu zai iya samu biyu ne: kada ya sa wa mai karatu aƙidar da ba tasa ba a baki, kada kuma ya ɓatar da shi a lissafi. Na farkon shi ake ta cacar baki a kansa, amma na biyun ya fi yi mana ɓarna a nan.

BC da AD, da ƴan'uwansu na Faransanci

Lissafin da duniya ke bi yau wani malamin coci ne ya ƙirƙiro shi a birnin Rum a shekarar 525, ana kiransa Diyonisiyus. Aikin da ke gabansa tsara jadawalin ranakun bikin Ista ne. A lokacin ana ƙirga shekaru daga hawan Sarki Diyokiletiyan mulki a 284, sarkin da ya gallaza wa Kirista. Diyonisiyus ya ƙi ci gaba da jera shekaru da sunan azzalumi, sai ya mayar da mafarin ƙirga shekarar da yake ganin an haifi Annabi Isa (AS). Ashe shi ma wannan lissafi daga ƙin wata alama ya fito. An daɗe kafin ya bazu, littafin tarihin cocin Ingila da malami Bede ya kammala a 731 yana cikin abin da ya yaɗa shi.

AD taƙaitawa ce ta kalmomin Latin biyu masu nufin "a shekarar Ubangiji". Nan gizo ke saƙar. Kirista ya rubuta haka, imaninsa ya faɗa. Musulmi kuwa ya yarda Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, don haka ko da bai yi niyya ba, haruffan suna faɗin abin da bai yarda da shi ba. Galibin masu rubutawa ba su ma san ma'anar ba, wasu sun ɗauka "bayan mutuwa" take nufi da Ingilishi, alhali da haka ne da shekarun rayuwar Annabi Isa sun faɗa rami, ba su gaba ba su baya.

BC daban take, kuma yawanci ana haɗa su a yi musu hukunci ɗaya. Ita "kafin Almasihu" take nufi, Alƙur'ani kuwa da kansa ya kira Isa ɗan Maryama Almasihu, kamar a Suratu Ali Imrana aya ta 45. Wanda BC ta fi damu shi ne Bayahude, wanda bai yarda Almasihu ya zo ba. Faransanci kuma gaba da baya sunan Yesu Almasihu kawai yake ambata, "av. J.-C." da "apr. J.-C.", babu kalmar Ubangiji a ciki. Shi ya sa mu da muka yi lakwal da Faransanci ba mu taɓa jin zafin wannan gardama kamar maƙwabtanmu na kudu ba. Yanzu da Ingilishi ya zama harshen aiki, AD za ta riƙa shigo mana ta ƙofar gaba.

Abin da ke riƙe da BC da AD shi ne sabo. Tsofaffin littattafai duk da su aka buga, kuma a kunne ba sa rikicewa da juna. Ga mai wa'azi a coci, ko littafin da Kirista suka buga don kansu, ban ga dalilin da zai sa wani ya ce su sake ba.

BCE da CE

Waɗannan suna nufin "kafin zamanin da aka yi tarayya a kansa" da "zamanin da aka yi tarayya a kansa". Ba sababbi ba ne kamar yadda ake zato. Masanin taurari Kepler ya yi amfani da irin wannan lafazi da Latin tun 1615, ya bayyana a Ingilishi a 1708, malaman Yahudawa kuma suka rungume shi a ƙarni na 19 don su yi lissafi da jama'a ba tare da sun furta aƙidar wasu ba. Sin ta ɗauki kalandar da sunan "zamanin jama'a" a 1949. Da Faransanci za ka ga "avant notre ère", musamman wajen masu haƙa kayan tarihi. Yau jami'o'i da gidajen tarihi da yawa a Turai da Amurka su suke bi.

Lamba ba ta canzawa ko da ɗigo. 1899 CE ita ce AD 1899, shekarar da aka yi yaƙin Tirmini Faransawa suka shiga Damagaram. Shi ya sa ake sukar su ta ɓangare biyu. Wasu Kirista suna ganin an goge sunan Almasihu ne da gangan, har babbar ƙungiyar Baptis ta kudancin Amurka ta zartar da ƙuduri a shekarar 2000 cewa a riƙe BC da AD. Wasu kuma suka ce ai an sake wa buhu tambari ne kawai, geron da ke ciki shi ne dai. Duka biyun suna da ƙamshin gaskiya. Ni dai a ganina sake tambarin ba aikin banza ba ne, domin abin da ake gudu furuci ne, ba lamba ba. In Ingilishi kake rubutawa don taron da ya haɗa addinai, CE ta fi AD kwanciyar hankali.

Matsalar tana zuwa ne idan aka ce a kawo su Hausa. Mai fassara ya ga "avant notre ère" sai ya rubuta "kafin zamaninmu". To Bahaushe in ya ji "zamaninmu" rayuwarsa yake tunani, zamanin waya da babur. Ka ce masa an yi abu shekara 500 kafin zamaninmu, zai kai shi wajen lokacin Askiya Muhammadu na Songhai, alhali kai kana nufin shekara 2,000 kafin nan. A rediyo kuma BCE da CE harafi ɗaya ya raba su, mai sauraro a kasuwar Dole cikin hayaniya ba zai kama shi ba.

Miladiyya

Abin da Turawa suka sha wahalar nema mu muna da shi a hannu, mun gada daga Larabci. Miladiyya tana nuni ga haihuwa ne kawai, ba ta ce haihuwar Ubangiji ba, ba ta ce ta annabi ba. Musulmi ya karanta ya fahimci abin da ya yarda da shi, Kirista ma haka, kuma Larabawa Kirista da Musulmi sun daɗe suna rubuta harafin mim ɗaya bayan shekara ba tare da rigima ba. Ga ta kuma sananniya, duk mai sauraron labarai da Hausa ya saba jin "shekarar Miladiyya".

Kwatanta ta da dogon lafazin da muka fi ji, "kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam". Lafazi ne mai ladabi, kuma a wa'azi ko karatun zaure shi ya dace. Amma a littafin aji yana nuna addinin marubuci kamar yadda "kafin haihuwar Yesu" ke nunawa a littattafan Kirista. Yaro Kirista a aji ɗaya da ƴaƴanmu zai ji an sa masa magana a baki, daidai abin da muke ƙi game da AD. Wanda ya ƙi a yi masa bai kamata ya yi wa wani ba.

Akwai kuma dalilin lissafi. Diyonisiyus bai dace da shekarar daidai ba. Linjilar Matiyu ta sa haihuwar a zamanin Sarki Hirudus, galibin masana tarihi kuwa sun sa mutuwar Hirudus shekara 4 kafin mafarin ƙirgar. In ka nace da dogon lafazi, wata rana za ka rubuta cewa an haifi Annabi Isa shekara 4 ko fiye kafin haihuwar Annabi Isa. In ka ɗauki Miladiyya a matsayin sunan kalanda kawai, jimlar ta zauna lafiya: an haife shi ƴan shekaru kafin Miladiyya.

Ba na cewa kalandar kanta ta wanku daga addini. Fafaroma Giregori na 13 ne ya gyara ta a 1582, aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba aka tashi Juma'a 15 ga wata. Ingila ba ta bi ba sai 1752, Rasha 1918, Girka 1923, kuma ƙin bin umarnin Fafaroma yana cikin dalilan jinkirin. Janairu da Maris sunayen gumakan Rumawa ne, Yuli da Agusta na masu mulkinsu. Duk da haka amfanin ta a fili yake: tana tafiya da rana, damina tana faɗowa a watanni ɗaya kowace shekara, kuma ana iya sanin ranar da za a koma lakwal shekara goma masu zuwa.

Hijira

Ita ba ta taɓa cewa ta kowa ce ba, kuma ba aibi ba ne. A zamanin Sayyidina Umar aka kafa ta, wajen shekara ta 17 bayan Hijira, bayan an ruwaito Abu Musal Ash'ari ya koka cewa takardu na zuwa masa ba shekara. Sahabbai suka duba haihuwar Manzon Allah (SAW), da aiko shi, da hijirarsa, da wafatinsa, suka zaɓi hijira. Suka fara shekara da Muharram ko da yake a Rabi'ul Awwal aka isa Madina. Ranar farko ta dace da 16 ga Yuli 622 a tsohuwar kalandar Rumawa.

Ga ibada babu zaɓi ma. Azumi, layya, aikin hajji, takabar wata huɗu da kwana goma, cikar shekarar zakka, duk da wata ake lissafa su, kuma Suratut Tauba ta hana ƙara wata don a daidaita shekara da yanayi. Ɗan kasuwar da ya ce shi da Disamba yake rufe littafinsa ya fitar da zakka, ya sani yana jinkirta kwana 11 kowace shekara. Shi ya sa wasu malaman zamani suka ce mai bin shekarar rana ya fitar da kashi 2.577 cikin 100 maimakon 2.5.

Wannan kwana 11 ita ce tushen duk wahalar. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, don haka shekara 33 na Hijira sun yi daidai da kusan 32 na Miladiyya. Dattijo mai shekara 64 a katin ɗan ƙasa ya kai 66 a lissafin malamai. A 2008 sau biyu aka shiga sabuwar shekarar Musulunci, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba, a 2030 kuma sau biyu azumi zai kama. Manomi bai taɓa dogara da ita wajen shuka ba, yana da nasa ƙirgar da ke bin taurari da iska, wadda ta haifi karin maganar nan ta watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Saudiyya da kanta ta koma biyan albashin ma'aikatan gwamnati da Miladiyya a 2016, abin da ya rage mata kuɗin kusan kwana 11 a shekara.

Sai ganin wata. Kalandar da ke cikin waya lissafi ce, sau da yawa ta Ummul Ƙura ta Saudiyya, mu kuwa sanarwar ganin wata muke jira. Wata shekara Nijar ta ɗauki azumi yau, Najeriya gobe, mutumin Magarya da ɗan'uwansa na Daura su yi salla ranaku daban. Ga ibada wannan ba komai ba ne. Amma a ce yarjejeniyar haya ta ƙare 1 ga Rajab, ko a biya bashi 30 ga Sha'aban, alhali watan na iya ƙarewa a 29, an buɗe ƙofar gardama ke nan. Takardar da kuɗi ko kotu za su shiga, Miladiyya ce ya kamata ta zama abin dogaro, in an so a ƙara Hijira a gefe.

Inda Hijira ba ta da madadi bayan ibada shi ne tarihinmu na rubuce. Takardun Larabci da na ajami da malamai suka bari, duk inda aka sa shekara ta Hijira ce, kuma sau da yawa ba da lamba ba, da ramzi. Mawaƙi zai rufe waƙarsa da wata kalma wadda in ka tara darajar haruffanta shekara za ta fito. A lissafin ƙasashen Magrib, wato Maroko da maƙwabtanta, da malamanmu ke bi, shin 1000 ce, ra 200, ya 10, ha ƙarami 8. Ka jera su ka samu 1218, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, wato Fabrairun 1804. Wanda ya ɗauko lissafin Gabas, inda shin take 300, zai fito da shekarar da ba ta da ma'ana. Mai bincike in ya goge shekarar asali ya bar ta Miladiyya kaɗai, ya hana na bayansa damar duba ko ya juya daidai.

Juyawar ba wuya. Ka cire 622 daga shekarar Miladiyya, ka ninka da 33, ka raba da 32. Ɗauki 1960: saura 1338, lissafi ya ba da 1379.8, wato kusan 1380, kuma lalle 3 ga Agusta 1960, ranar ƴancin kai, ta faɗo cikin Safar na 1380. Amma a kula, shekarar Hijira ɗaya kusan kullum tana taka shekara biyu na Miladiyya. 1317 ta fara a Mayun 1899 ta ƙare a Afrilun 1900. In takarda ta ba da shekara ba ta ba da wata ba, gaskiyar rubutu ita ce 1317 H (1899–1900 M), ba a zaɓi ɗaya a yi shiru ba.

Tarkon da ya fi kama mutane

Yanzu ga inda na ce ɓarna ta fi yawa. Marubucin Hausa ya rubuta B.H. yana nufin "bayan Hijira". Wani ya rubuta B.H. yana nufin "bayan haihuwa", ta Annabi Isa. Littafin Ingilishi kuma in ya sa BH "kafin Hijira" yake nufi. Haruffa biyu, ma'ana uku, tsakanin ta farko da ta biyu akwai fiye da shekara 600, ta uku kuma baya ma take ƙirgawa. K.H. ma haka take, kafin Hijira ko kafin haihuwa. Shawarata a bar su gaba ɗaya. A bi yadda Larabawa ke yi: M bayan lamba ga Miladiyya, H ga Hijira, K.M. ga abin da ya gabaci Miladiyya, a kuma bayyana su sau ɗaya a shafin farko. "Bayan Miladiyya" ma ba ta zauna ba, ai muna cikinta ne, ba ta wuce ba.

Ƙarni ya fi wannan haɗari, don shi ba a cika sa masa alama ba. Malami ya ce Shehu mujaddadin ƙarni na 13 ne, ɗan lakwal ya ji ya kai shi zamanin Sunjata na Mali. Ƙarni na 13 na Hijira ya kama daga 1786 zuwa 1883, kusan duk mulkin Sarki Tanimun, mai ganuwar Birni da igwa, a cikinsa yake, haka ma zuwan Bajamushe Barth garin nan a ƙarshen 1852. Ƙarni na 13 na Miladiyya kuwa 1201 zuwa 1300 ne, Damagaram ba a ma kafa ta ba sai ƙarni na 18. Duk inda rubutu ya haɗa malaman zaure da na boko a matsayin majiya, kalmar ƙarni kada ta fita ita kaɗai.

Wani ƙaramin abu: babu shekarar sifiri. Daga 1 K.M. sai 1 M. Don haka daga 500 K.M. zuwa 2025 shekara 2524 ne, ba 2525 ba. Masana taurari sun sa wa kansu sifiri tun 1740 don lissafinsu ya tafi daidai, amma littafin tarihi bai bi su ba.

Waɗanda suka nemi tsallake addini gaba ɗaya

An gwada. Ƴan juyin juya halin Faransa sun kafa kalandarsu a 1793, shekara ta ɗaya daga 22 ga Satumba 1792, mako kwana goma don a kashe Lahadi. Ma'aikaci ya ga hutunsa ya koma sau ɗaya a kwana goma, Napoleon ya soke ta daga 1 ga Janairu 1806. A 1993 wani masani, Cesare Emiliani, ya kawo shawarar a ƙara 10,000 a kan kowace shekara, 2025 ta zama 12025, don tarihin ɗan'adam tun fara noma ya shiga ƙirga ɗaya ba ja da baya. Dabara ce mai kyau, amma a kan lissafin Diyonisiyus ta hau, kuma ba wanda ya bi.

Wadda ta yi rai ita ce BP ta masu auna daɗewar abu da gwajin kabon, mai nufin "kafin yanzu", sai dai "yanzu" ɗin an tsayar da shi a 1950, domin gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na bayan nan sun dagula kabon ɗin da ke iska. Za ka ci karo da ita in kana karanta labarin ƙaburburan Gobero da aka gano a Tenere a shekarar 2000, waɗanda mafi tsufansu suka kai kusan shekara 10,000, ko gardamar da ake yi kan daɗewar ƙirar ƙarfe a duwatsun Termit. Mai fassara ya ga 3000 BP ya rubuta 3000 K.M., ya ƙara wa abu shekara 1950 daga aljihunsa. Ga mai karatu na gari, "kimanin shekara 3,000 da suka wuce" ta wadatar, ba ta taɓa addinin kowa ba, kuma ga tsohon tarihi irin wannan ita na fi so a kan duk sauran.

Akwai kuma ƙirgar da iyayenmu suka tashi da ita, ta sa wa shekara sunan abin da ya faru a cikinta, kamar yadda Larabawa suka ce shekarar giwa. Kakalaba ita ce yunwar 1913 zuwa 1914. El Buhari ta 1984 ce, ta ɗauki sunan Janar Buhari da ya rufe iyakar Najeriya a lokacin. Je ka wajen da ake yi wa manya takardar haihuwa ka saurara.

"Inna, wace shekara aka haife ki?"

"Ɗana, ni ina na sani? Ina dai da cikin ɗan farina aka yi El Buhari."

Ma'aikaci ya ɗaga kai ya yi ɗan lissafi, ya cire shekara 17 ko 18 daga 1984, ya rubuta "née vers 1966", wato an haife ta wajen 1966. Kwamfuta kuma ba ta san "wajen" ba, rana take so da wata, sai a cika mata 01/01. Shi ya sa in ka duba jerin sunaye za ka rantse rabin ƙauye ranar sabuwar shekara aka haife su. Wannan ƙirga ba ta da rigimar addini ko kaɗan, amma iyakarta inda aka san labarin. Mai tattara tarihin baka ya rubuta sunan shekarar yadda tsohuwa ta faɗa, sannan ya sa ta Miladiyya a gefe da kalmar "wajen".

To wace za a ɗauka?

Ya danganta da takardar da ke gabanka, amma ba daidai suke da nauyi ba. A rubutun yau da kullum, labari, sanarwa, wasiƙar ofis, kada ka sa komai. Ka rubuta 1926 aka mayar da babban birni daga Zinder zuwa Yamai, ba wanda zai tambaye ka ta wace kalanda. Yawancin gardamar ma a nan take mutuwa, domin alamar ba ta zama dole sai an koma kafin Miladiyya ko an haɗa kalanda biyu a shafi ɗaya.

Littafin lakwal, allon gidan tarihi, takardar hukuma: M da K.M., domin kowane yaro ya iya karantawa da babbar murya ba tare da ya yi furucin da gidansu ba a yi ba. Tarihin sarauta da na malamai: shekarar da majiya ta bayar ita ce gaba, juyin ta biyo baya, kamar 1232 H (1817 M) ga rasuwar Shehu. Wa'azi da littafin addini, na masallaci ko na coci: kowa da lafazinsa. Fassara kuwa amana ce. In kana kawo maganar wani kai tsaye, bar masa AD ɗinsa ko CE ɗinsa, in bayani kake da bakinka, mayar da su Miladiyya, kuma kada ka cakuɗa iri biyu a aiki ɗaya.

Jerin rana da wata ma yana son kula. Mu da Faransa da Najeriya rana muke farawa da ita, 03/08/1960. Ba'amurke ya gani zai karanta 8 ga Maris, kuma fom da yawa na intanet da tsarinsa suke zuwa, mai neman biza ko gurbin karatu ya duba da kyau kafin ya cika. Tsarin ISO 8601 yana farawa da shekara, 1960-08-03, ya dace da sunan fayil a kwamfuta don suna jeruwa da kansu. A takardar da mutum zai karanta, rubuta sunan watan da haruffa. Mu nan da sunayen Faransanci muka tashi a baki, amma Yuni da Yuli da Agusta su ne Bahaushen ko'ina zai gane a rubuce.

Katin biki da sanarwar addu'a su ne suka fi haɗa kalanda biyu, kuma a nan dare ke kawo ruɗani. A lissafin Hijira da faɗuwar rana sabuwar rana ke shiga, daren Juma'a shi ne wanda ke biyo bayan magaribar Alhamis. Ka buga "daren Asabar" a kati, malamai su hallara Juma'a bayan isha'i, abokan aikin ango su zo kashegari. Rubuta "ranar Juma'a bayan sallar isha'i" da kwanan watan Miladiyya. In ka ƙara na Hijira kuma watan bai kama ba tukuna lokacin da aka kai katin wajen bugawa, sa masa "bisa lissafi" a gefe.